Magnesiyam da Jijiyoyin Zuciya: Matsayin Sanadi a Cikin Ƙaddara

Zuciya cike take da jini dare da rana, amma ba daga jinin da ke cikin ɗakunanta take samun abincinta ba. Jijiyoyi biyu ne, ta dama da ta hagu, suke fitowa daga gindin babbar jijiyar da ke kwasar jini zuwa jiki, su naɗe zuciyar kamar rawani, su rarrabu, su nutse cikin namanta. Bangon waɗannan jijiyoyi yana da tasa tsokar, wadda take tsukewa ta kuma saki ba tare da sanin mai jikin ba. Cikin abubuwan da ke daidaita wannan tsukewa akwai sinadarin magnesiyam: idan ya yi ƙaranci a ruwan da ke kewaye da jijiya sai ta ɗame, idan ya wadata sai ta saki. Wannan bayani na likitoci yana tayar da wata tsohuwar tambaya ta ilimin tauhidi. Idan ƙarancin wani ɗan gishiri yana iya murɗe jijiyar zuciya har mutum ya faɗi, ina matsayin ajali? Magnesiyam ɗin ne yake buɗe jijiyar, ko kuwa buɗewar tana zuwa ne a tare da shi kawai?

Yadda zuciya ke ciyar da kanta

Ibnun Nafis, likitan da ya yi karatu a Dimashƙ, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, ya rubuta maganar yadda zuciya ke ciyuwa a sharhin da ya yi wa bayanin sassan jiki na littafin Alƙanun na Ibnu Sina. A nan ya saɓa wa Ibnu Sina, wanda ya ɗauka zuciya tana ciyuwa daga jinin ɗakinta na dama. Ibnun Nafis ya ce abincinta yana isa gare ta ne ta jijiyoyin da suka ratsa namanta, kuma binciken ƙarnonin baya ya gaskata shi.

Zuciyar baligi tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda. Idan mutum yana zaune, jijiyoyinta suna kai mata kimanin mililita 250 na jini a kowane minti, wato kusan kashi 5 cikin 100 na abin da take turawa. Ko a wannan hali na hutu, tsokar zuciya tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya zo mata, alhali jiki a dunƙule kusan kwata yake ɗiba. Ke nan ba ta da wani ajiyayyen rabo da za ta waiwaya. Da zarar aiki ya ƙaru, mafitarta ɗaya ce, jijiyoyin su ƙara faɗi. Sannan ɓangaren hagu, wanda ya fi kauri, yana samun yawancin jininsa ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, domin lokacin da tsokar ta matse takan danne jijiyoyin da ke cikinta.

Ƙaramin canji a faɗin jijiya yana haifar da babban canji a gudun jini. Likitan Faransa Poiseuille ya nuna a shekarun 1840 cewa idan aka rage faɗin siririn bututu zuwa rabi, ruwan da ke bi ta cikinsa yana komawa kashi 1 cikin 16. Shi ya sa duk abin da ke taɓa tsokar bangon jijiya yake taɓa rayuwa kai tsaye.

Kalsiyam da magnesiyam a bangon jijiya

Kalsiyam ne ke ba da umarnin tsukewa. A wajen ƙwayar tsoka yawansa ya ninka na cikinta kusan sau 10,000. Idan saƙo ya zo daga jijiyoyin laka ko daga wani sinadari a cikin jini, ƙananan ƙofofi suna buɗewa a fatar ƙwayar, kalsiyam ya kwararo ciki, wani kuma ya fito daga rumbun da ƙwayar ke ajiye shi. Sai ya haɗu da wani furotin mai suna kalmodulin, su tayar da sinadarin da ke kunna mayosin. Mayosin ya kama zaren aktin ya ja, ƙwayar ta gajarta, zoben jijiya ya tsuke. Kafin ta saki, dole a kwashe kalsiyam ɗin a mayar da shi waje ko cikin rumbu.

Magnesiyam ɗan gidan kalsiyam ne a jadawalin sinadarai, cajin lantarkinsu ma iri ɗaya ne. Humphry Davy ne ya fara ware shi a Landan a 1808, sunansa kuma ya samo asali daga yankin Magnesiya na ƙasar Girka. Bambancinsa da ɗan'uwansa shi ne ya fi shi ƙanƙanta, kuma yana riƙe ƙwayoyin ruwan da suka lulluɓe shi gam, saboda haka idan ya zo bakin ƙofar kalsiyam ba ya wucewa da sauƙi, sai ya rage wa mai wucewa hanya. Yana kuma rage fitowar kalsiyam daga rumbun cikin ƙwayar. Famfunan da ke kwashe kalsiyam, da famfon da ke musayar sodiyam da fotasiyam, duk suna aiki ne da makamashin da ake kira ATP, wanda ba ya amfanuwa sai yana haɗe da magnesiyam. Bugu da ƙari, yana rage zubar noradrenalin daga bakin jijiyoyin laka, yana kuma taimaka wa shimfiɗar cikin jijiya wajen fitar da naitirik oksaid da furostasaikilin, waɗanda ke sa tsoka ta saki. Saboda waɗannan ayyuka ne Iseri da French, a wata maƙala ta 1984, suka siffanta shi da mai tare kalsiyam na asali a cikin jiki.

Akwai wani abin lura. Mayosin ɗin da ke jan zare, shi ma da ATP mai haɗe da magnesiyam yake aiki. Sinadarin da ke hana jijiya wuce gona da iri wajen tsukewa, shi ne dai wanda tsukewar ba ta yiwuwa sai da shi.

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 na magnesiyam. Fiye da rabi yana cikin ƙashi, mafi yawan saura yana cikin tsoka da sauran nama, abin da ke yawo a ruwan jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙoda ce ke tsare ma'auninsa a jini tsakanin milimol 0.75 da 0.95 a kowace lita. Yana zurarewa ta hanyar gudawa mai tsawo, da shan giya, da ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da wasu magungunan sa fitsari.

Abin da gwaji ya nuna

A 1980 Turlapaty da Burton Altura, masu bincike a birnin New York, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun yanko jijiyoyin zuciyar karnuka, suka sa su cikin ruwan gishiri mai kama da na jiki. Da suka rage magnesiyam a ruwan, jijiyoyin suka ɗame da kansu, kuma tsukewar da suke yi idan an ɗiga musu noradrenalin ko serotonin ko anjiyotensin ta ƙaru. Da suka ƙara shi, jijiyoyin suka saki.

A jikin mutum akwai cutar da ta yi kama da wannan. A 1959 likitan Amurka Myron Prinzmetal ya bayyana wani irin ciwon ƙirji da ke kama mutum yana kwance, galibi cikin dare ko da asuba, ba a lokacin aikin ƙarfi ba. Daga baya hoton jijiyoyi ya tabbatar da cewa murɗewa ce: jijiyar da wataƙila ba ta da wani toshi na a zo a gani takan tsuke na 'yan mintuna har jini ya kusa yankewa. Shan taba ne babban abin da ke jawo ta. A ƙarshen shekarun 1980 likitocin Jami'ar Kumamoto ta Japan suka nuna cewa allurar magnesiyam ta jijiya tana hana ciwon tashi a yawancin masu wannan cuta idan aka yi ƙoƙarin tayar da shi da saurin numfashi, suka kuma gano cewa da yawa daga cikinsu jikinsu yana da ƙarancin sinadarin.

Tambayar malaman tauhidi

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna alaƙar sanadi da abin da ke biyo bayansa a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa, da misalin wuta da auduga. Hujjarsa ita ce ido yana ganin ƙonewa tana faruwa a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata. Haɗuwar abu biyu a kullum al'ada ce da Allah ya gudanar, hankali bai wajabta ta ba. Ya kawo misalin wanda aka haifa da yana a ido, aka cire masa ita da rana tsaka. Zai ɗauka buɗe ido ne kaɗai ke sa a ga launi, ba zai gane rabon hasken rana a ciki ba sai ta faɗi.

Tarihin binciken zuciya yana da labari mai kama da wannan misali. A Landan, a farkon shekarun 1880, Sydney Ringer ya ga zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa na tsawon lokaci cikin ruwan gishirin da ake haɗa masa. Sai ya gano cewa mataimakinsa da ruwan famfo yake haɗawa maimakon tataccen ruwa. Da aka koma tataccen, bugun ya raunana ya tsaya. A 1883 ya bayyana cewa ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfo ne sharaɗin da ya ɓuya masa.

Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, alƙali kuma likita, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut. A ganinsa, sanin abu shi ne sanin sanadinsa, wanda ya kore sanadi kuwa ya kore ilimi gaba ɗaya. Idan wuta ta taɓa wani abu bai ƙone ba, akwai abin da ya hana, kuma aikin mai hankali shi ne ya nemo shi. Hikimar Mahalicci ma, a wurinsa, a cikin wannan tsari ake ganinta.

A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, wannan mas'ala ta fi shigowa ta littattafan Sheikh Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490. A tsarinsa hukunci iri uku ne: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, alhali saɓawarsu tana yiwuwa, kuma tasirin na Allah ne. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun bi wata hanyar. Sun ce Allah ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabubba, sai dai babu sanadin da ke cin gashin kansa: kowanne yana buƙatar wasu su taya shi, yana kuma buƙatar a kawar da abin da zai hana shi, duk wannan kuwa yana ƙarƙashin nufin Allah.

Saɓanin na gaske ne, kuma ɗakin gwaji ba zai raba gardamar ba. Na'urar da ke auna ɗamewar jijiyar kare za ta nuna lamba ɗaya ko mai karanta ta ɗalibin Sanusi ne ko na Ibnu Taimiyya. Amma ɓangarorin sun haɗu a wurare biyu. Babu wanda ya ce magnesiyam yana aiki ba da iznin Mahaliccinsa ba, babu kuma wanda ya ce a yi watsi da abin da maimaituwar gani ta tabbatar. Gazali da kansa ya yarda cewa al'adar da ta daɗe tana gudana tana kafa sani a zuciya wanda ake gina rayuwa a kansa.

Inda zato ya kuskure

Da aka ga abin da magnesiyam ke yi wa jijiya a kwalba, an sa rai zai ceci masu bugun zuciya. Gwajin LIMIT-2 da aka yi a garin Leicester na Ingila kan majiyyata 2,316, aka buga a 1992, ya ƙarfafa wannan fata, domin mace-mace a cikin kwana 28 sun ragu da kusan kashi 24 cikin 100 a wurin waɗanda aka yi wa allurar. Shekara uku bayan haka sai ga gwajin ISIS-4 mai majiyyata 58,050, bai ga wani amfani ba, har ma faɗuwar awon jini ta fi yawa a wurin waɗanda suka samu. Wasu suka ce an makara ne wajen ba da shi. Gwajin MAGIC na 2002 ya ba da shi da wuri ga majiyyata 6,213 masu haɗari sosai, sakamakon bai canja ba. Tun daga nan aka daina ba kowane mai bugun zuciya magnesiyam.

Wannan ba keta al'ada ba ne irin na mu'ujiza. Sharuɗɗan ne suka bambanta. Yawancin bugun zuciya yana faruwa ne idan kitsen da ya taru a bangon jijiya ya fashe, gudan jini ya toshe hanya. Sakin tsoka ba ya kawar da gudan jini. Sanadin da ya tabbata a wuri ɗaya aka ɗauka aka kai shi wani wurin da ba nasa ba.

A wurinsa kuwa, amfaninsa bai da shakka. Gwajin Magpie na 2002, kan mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna cewa magnesiyam salfet yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu juna biyun da hawan jinin ciki ya kama, kuma shi ne maganin farko na jijjiga a ɗakunan haihuwa, har da na Arewacin Nijeriya da Nijar. Haka kuma shi ake fara ba wa mai wani nau'in rikicewar bugun zuciya da likitoci ke kira da sunan Faransanci torsades de pointes.

Mizani

Yawan magnesiyam ma yana kisa. Idan ya haura a jini, musamman ga wanda ƙodarsa ta gaza, ƙafa takan daina zabura idan an buga gwiwa, awon jini ya faɗi, numfashi ya yi rauni, daga ƙarshe zuciya ta tsaya. Shi ya sa ungozomar asibiti da ke ba mai jijjiga wannan allura take duba gwiwa, take ƙirga numfashi, take auna fitsari. Makarinsa kuma allurar kalsiyam ce, wato sinadarin da magnesiyam ke tarewa. Kowannensu yana zama magani idan ɗayan ya wuce iyaka, lafiya kuma tana tsakaninsu.

Kalmar ƙaddara ta fito ne daga tushen Larabci da ke ɗauke da ma'anar awo da gwargwado. Aya ta 49 ta Suratul Ƙamar ta danganta halittar komai da wannan awo, Suratur Rahman kuma ta ambaci mizani sau uku a jere, daga aya ta 7 zuwa ta 9. Idan aka duba ta wannan fuska, tazarar da ke tsakanin 0.75 da 0.95 ita kanta ƙaddara ce, haka ƙodar da ke tsare ta, haka abincin da ke mayar da abin da ya zurare. Sanadi ba abokin takarar ƙaddara ba ne, a cikinta yake. Irin fahimtar da Sayyadina Umar ya nuna ke nan lokacin da ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana masa cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar. Cikin sunayen Allah akwai Alƙabidu da Albasiɗu, mai damƙewa da mai shimfiɗawa, malamai kuma sun so a ambace su tare. Jijiyar da ba ta iya tsukewa ba ta da lafiya kamar yadda wadda ba ta iya saki ba ta da ita.

Darajojin sanadi

A babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin, Gazali ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku. Akwai na yaƙini, kamar ruwa ga mai ƙishi da abinci ga mai yunwa, barinsa ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Akwai na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da shan magani, yin sa ba ya warware tawakkali. Akwai kuma na wahami, wanda rataya zuciya a kansa ke raunana tawakkali.

Wannan rabo yana aiki a kan magnesiyam. Samun sa a abinci yana sahun farko, domin jiki ba ya ƙera shi. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta buƙatar namiji baligi a miligiram 400 zuwa 420 a rana, ta mace 310 zuwa 320. Yana tsakiyar koren sinadarin da ganye ke kama hasken rana da shi, shi ya sa alayyafo da zogale da kuka suke da shi, haka wake da gyaɗa da riɗi. A gero da dawa, rabo mai yawa yana cikin dusa da ƙwayar tsiro, saboda haka surfe mai tsanani da komawa ga farar shinkafa da farin fulawa suna rage abin da ke isa jiki. Allurarsa ga mai jijjiga tana da hujjar da ta kusa yaƙini, hana mace ita kuwa sakaci ne da rai. Amfaninsa ga mai murɗewar jijiyar zuciya yana matakin zato, domin gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma tabbataccen magani shi ne barin taba da shan magungunan tare kalsiyam irin su diltiazem da amlodipine, tare da na naitiret. Ɗaukar ƙwayoyin magnesiyam na kasuwa a matsayin garkuwa daga bugun zuciya kuwa yana kusa da wahami, ga mai ciwon ƙoda ma haɗari ne.

Hausawa suna cewa in ajali ya yi kira ko babu ciwo sai an je, suna kuma tambayar mene ne sanadi idan an yi rasuwa. Maganganun biyu ba su karo da juna. Ajali ɓoyayye ne, ba a ɗora wa kowa saninsa ba. Sanadi kuwa a fili yake ga mai nema, shi ya sa ake tambayar bawa a kansa: likita a kan ma'aunin da ya ba da, mai iyali a kan abin da ya ciyar, majiyyaci a kan tabar da aka hana shi. Wanda ya san yadda magnesiyam ke sakin jijiya ya san ɗaya daga cikin hanyoyin da aka tsara rayuwa ta gudana a kansu, kuma wajibinsa shi ne ya ba wannan sanadi matsayin da hujja ta ba shi, ya yi aiki da shi a inda ya tabbata, ya bar shi a inda gwaji ya kore shi, sakamakon kuma ya mayar da shi ga Allah.